Bayan an ɗinke leɓe: alamomin da ke nuna yadda yaron Zango zai yi magana

Tambayar da iyayen jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggen rufin baki suka fi yi wa likita, da zarar hankalinsu ya kwanta cewa ana iya ɗinke tsagar, ita ce ko yaron zai yi magana kamar 'yan'uwansa, har ya biya karatu a gaban malam ba tare da sa'o'insa sun yi masa dariya ba. Likitoci ba su san gaibu ba, amma binciken da aka tara a ƙasashe da dama ya fito da wasu alamomi waɗanda, idan aka lura da su tun yaro yana goye, suke nuna wanda ake sa ran maganarsa za ta fita tangaran da wanda zai buƙaci ƙarin aiki. Sanin waɗannan alamomi ya shafi mutanen Zangon Kumasi da ke Gana kai tsaye, domin babban asibitin da ake yin wannan aiki yana cikin garinsu, kuma kaso mai yawa na abin da ke yanke hukunci a kan maganar yaro yana faruwa ne a gida, kafin a shiga ɗakin tiyata da kuma bayan an fito.

Ana ƙiyasta cewa a duniya jariri 1 cikin kimanin 700 ake haifa da wannan tsaga, ko da yake adadin da ake samu tsakanin baƙar fata bai kai na mutanen Asiya da Turai ba. Leɓen sama yana haɗuwa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na shigar ciki, rufin baki kuma ya biyo baya cikin makonnin da ke tafe, wato sau da yawa lamarin ya riga ya auku tun kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu, saboda haka zargin da wasu dangi ke ɗora wa uwa ba shi da tushe. Rufin baki kashi biyu ne a wurin masana tsarin sautin Hausa: na gaba mai ƙashi shi ne ganɗa, na baya mai taushi wanda beli ke rataye a ƙarshensa kuma shi ne hanɗa. A duk lokacin da mutum zai furta harafi kamar b ko d ko k ko s, tsokokin hanɗa sukan ɗaga ta sama da baya har ta taɓa bangon maƙogwaro ta toshe hanyar hanci, tamkar yadda ake tura ƙyaure a rufe ɗaki, sai iska ta taru a baki ta fito da ƙarfi. A m da n ne kaɗai take sauka ta bar iska ta bi ta hanci. Yaron da leɓensa kaɗai ya tsage, rufin bakinsa kuma lafiya lau, yawanci maganarsa ba ta samun matsala, ko da kuwa tsagar ta fi ta kowa tayar da hankali a ido. Matsalar magana tana tattare da hanɗa, wadda ba a ganinta sai an buɗe baki an leƙa.

A nan ne kuskure mafi tsada yake aukuwa. A ƙa'ida ana ɗinke leɓe tsakanin wata 3 zuwa 6, a ɗinke rufin baki tsakanin wata 9 zuwa 12, ko kuma kafin wata 18 idan an makara, kuma likitocin da ke aiki a Afirka da Asiya sun daɗe suna kokawa cewa iyalai da yawa sukan kawo yaro a gyara leɓe, da sun ga fuska ta daidaita, surutun maƙwabta ya ɗauke, sai su ɗauka an gama, ba su sake komowa ba sai yaro ya kai shekara 4 ko 5 ana kasa gane abin da yake faɗa. Wannan jinkiri shi ne alama ta farko, kuma mafi ƙarfi, da ke nuna cewa magana za ta yi wahala.

Hujja mafi inganci a kan muhimmancin lokaci ta fito ne a 2023, lokacin da mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da ake kira TOPS, wanda aka gudanar a cibiyoyi 23 a Turai da Kudancin Amurka a kan jarirai 558 masu tsagaggen rufin baki kaɗai. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa wasu aiki suna da wata 6, wasu kuma suna da wata 12, da salon ɗinki iri ɗaya, sannan aka saurari maganarsu da suka cika shekara 5. A cikin waɗanda aka yi wa aiki da wuri, kashi 8.9 cikin 100 ne hanɗarsu ta kasa rufe hanyar hanci yadda ya kamata, a ɗaya rukunin kuwa adadin ya kai kashi 15 cikin 100. Idan tazarar wata 6 kacal ta haifar da wannan bambanci a cibiyoyin da yara ke samun gwajin ji da horon furuci, mai hankali zai iya kintatar abin da tazarar shekara 3 ko 6 za ta haifar. An ma ga hakan a zahiri a Sri Lanka, inda tawagar likitocin Ingila ƙarƙashin Michael Mars ta yi wa ɗaruruwan mutane aiki tun daga tsakiyar shekarun 1980, masaniyar furuci Debbie Sell kuma ta bibiyi maganarsu, ta tarar cewa mafi yawan waɗanda aka ɗinke wa rufin baki bayan sun girma sun ci gaba da magana kusan yadda suka saba. Dalili kuwa shi ne ɗinki yana gyara nama ne kawai, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta koyi wata hanyar fitar da sauti, kuma abin da harshe ya saba da shi shekara da shekaru ba ya gushewa don an toshe rami. Ba a yin aikin tun jariri yana ɗanyen goyo saboda hatsarin maganin sa barci, da kuma fargabar cewa tabon ɗinki zai takura girman muƙamuƙin sama, don haka likita yana neman tsaka-tsaki ne tsakanin buƙatar magana da buƙatar girman fuska.

Jinkirin ba kullum ne laifin iyaye ba. Jariri mai tsagaggen rufin baki ba ya iya zuƙar nono da ƙarfi, yakan gaji kafin ya ƙoshi, nonon kuma ya riƙa fitowa ta hanci, sai ya rame. Likitan tiyata kuwa ba zai karɓi yaron da bai kai nauyi ba ko wanda jininsa ya yi ƙasa, kuma a gari irin Kumasi inda zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yara, sau da yawa akan sa rana a ɗaga, a sake sa wata a ɗaga. Ma'ana ita ce uwar da aka koya wa tun makon farko ta tatsi nononta ta ba jariri da ƙaramin kofi ko cokali, tana riƙe da shi a ɗan zaune, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta kuma kwantar da shi cikin gidan sauro, ta riga ta fara gyara maganarsa tun bai furta komai ba. Katin awon nauyi da ake cikawa a asibitin yara yana cikin takardun da suka fi nuna yadda magana za ta kasance, ko da yake ba kasafai ake kallonsa ta wannan fuska ba.

Bayan lokaci sai yanayin tsagar kanta. Tun 1931 likitan Faransa Victor Veau ya kasa ta gida huɗu, daga wadda ta tsaya a hanɗa kaɗai zuwa wadda ta ratsa leɓe da dasashi ta ɓangarori biyu, kuma gwargwadon faɗin tsaga da gajartar hanɗa, gwargwadon yiwuwar ɗinkin ya ja da ƙarfi, ya bar 'yar kafa a tsakiya ko ya kasa kaiwa bangon maƙogwaro. Yaran da tsagarsu ta zo tare da wata larura ta halitta, kamar masu ƙanƙanin haɓa da ake danganta yanayinsu da sunan Pierre Robin, ko masu giɓi a ƙwayar gado ta 22 wanda kan zo da ciwon zuciya, sun fi sauran fuskantar matsalar magana. Salon ɗinki ma yana da tasiri, domin hanyoyin da Leonard Furlow da Brian Sommerlad suka shahara da su suna mayar da tsokar hanɗa mazauninta na ainihi maimakon a haɗa fatar kawai, amma abin da ya fi salo nauyi shi ne hannun mai ɗinkin. Binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi, wanda aka fitar da rahotonsa a 1998, ya gano cewa sakamakon aikin a ƙasar bai gamsar ba saboda an watsa shi a cibiyoyi 57 inda likitoci da yawa ke yin 'yan ƙalilan a shekara, sai aka ba da shawarar a tattara shi a cibiyoyi 8 zuwa 15.

Darasin wannan ga Zango a bayyane yake. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda mutanen gari ke kira Gee, yana da sashe na musamman na masu tsagar leɓe da rufin baki tun farkon shekarun 2000, wanda Farfesa Peter Donkor da abokan aikinsa suka kafa, inda likitan tiyata da likitan yara da na haƙori da ma'aikatan jinya ke duba yaro tare, kuma ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana cikin masu tallafa wa aikin domin kada kuɗin tiyata ya zama shamaki. Daga Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango zuwa can tafiya ce ta cikin gari. Tawagogin likitoci masu zuwa daga waje su yi mako guda su koma sun taimaki jama'a da yawa, amma maganar yaro abu ne da ake bibiya shekara 5 ko fiye, don haka wurin da ke ajiye fayil, wanda za a tarar da likitan idan an koma, ya fi dacewa da wannan larura. Ga dangin da ke zuwa daga Bawku ko Tamale su sauka a gidajen 'yan'uwa a Zango domin jinya, mai masaukin da ya tuna musu ranar komowa ya yi musu alherin da ya fi na abinci da shimfiɗa.

Akwai kuma kunne, wanda iyaye ba su cika haɗa shi da lamarin ba. Tsokokin hanɗa su ne ke buɗe siririyar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da cikin kunne, kuma idan sun rabu, ruwa mai kauri yakan taru a bayan dodon kunne ba tare da zafi ko mugunya ba. Kusan yara 9 cikin 10 masu tsagaggen rufin baki sukan sami wannan a shekarunsu na farko. Yaro yana ji, amma sama-sama, kuma siraran sautuka irin su s da sh da f su ne suka fara ɓace masa. Wanda bai ji harafi daidai ba ba zai furta shi daidai ba, komai kyan ɗinkinsa, shi ya sa gwajin ji akai-akai yake cikin maganin, wani lokaci har akan sa ɗan ƙaramin bututu a dodon kunne domin iska ta shiga ruwan ya bushe.

Alamar da ta fi sauƙin gani, wadda ba ta buƙatar na'ura, ita ce gwarancin jariri. Yaro mai lafiya kafin ya cika wata 10 yakan fara maimaita gaɓoɓi irin su ba-ba-ba da da-da-da, alhali mai tsagaggen rufin baki yakan tsaya a ma-ma da na-na da wasula, ko ya riƙa wata gurnani daga maƙogwaro. Masana sun lura cewa yaron da b da d da g suka bayyana a bakinsa cikin 'yan watanni bayan ɗinki yawanci yana kan hanya mai kyau, wanda kuwa ya haura wata 18 babu ko ɗaya daga cikinsu ya cancanci a duba shi da wuri. Uwa da kaka da yayar da ke goyonsa sun fi kowane likita damar jin wannan.

Idan magana ta fara fita, kurakuran iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne ginshiƙin magani. Na farko na gaɓar jiki ne: hanɗa ba ta rufewa, iska na zurarewa ta hanci, sai baba ya koma mama, bari ya koma mari, dawa ta koma nawa, muryar duka ta ɗauki wata gunna wadda malamin tajwidi zai ji nan take a haruffan da ba su da ita. Ana iya gwada shi da ƙaramin madubi a ƙarƙashin hanci, a sa yaro ya faɗi jimlar da ba ta da m ko n, kamar “Dada ta dafa kaza”. Idan madubin ya yi hazo, iska na fita ta inda bai kamata ba. A asibiti akan tabbatar da siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci. Irin wannan kuskure ba ya jin horo, hura balan-balan ko zuƙar ruwa da tsinke ba su gyara shi, sai tiyata ta biyu, kuma alƙaluman da aka fi ambatawa sun nuna cewa kimanin yaro 1 cikin 4 ko 5 yakan buƙace ta. Na biyu na sabo ne: yaron da ya kasa tara iska a baki yakan koma ya tare ta a maƙwallato, ya sa hamza a gurbin k ko t ko b, har kalmar kaka ta yi kama da a'a. Wannan kuma tiyata ba ta taɓa shi, sai mai horar da furuci ya zauna da yaro ya koya masa inda zai sa harshe da leɓe, harafi bayan harafi, iyaye kuma su riƙa maimaitawa a gida kullum.

A wannan gaɓa yaron Zango yana da wata matsala tasa ta daban, wadda ta cancanci masana su tsaya a kanta. Ma'aunan da ake gwada magana da su, har da manhajojin kwamfuta da ake ƙerawa yanzu domin su yi hasashe daga bayanan yara masu yawa, an gina mafi yawansu ne a kan harsunan Turai da Asiya. A Ingilishi duk wani harafin da aka haɗa da toshewar maƙwallato ana iya lissafa shi a matsayin alamar larura, alhali Hausa tana da ƙ da ts da ɓ da ɗ da 'y, waɗanda maƙwallato ke da hannu a furucinsu, kuma hamza harafi ce cikakkiya a kalmomi irin su sa'a da ba'a. Mai gwajin da bai san Hausa ba zai iya jin ƙofa daga bakin yaro mai lafiya ya rubuta kuskure, ko ya ji b da ta lalace ya ɗauka ɓ ce. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Hausar Gana ta bambanta da ta Kano, domin a Zango inda Mosawa da Dagwambawa da Kwatakwalawa da Zabarmawa da sauransu suka mayar da Hausa harshen mu'amala, masu magana da yawa ba su rarrabe ƙ da k ko ɗ da d, saboda haka yaron da ya ce karfe maimakon ƙarfe mai yiwuwa maganar gidansu yake yi. Ga shi kuma yana tashi da Tuwi a bakinsa, harshen da ke bambanta ma'anar kalma ta hanyar fitar da wasali ta hanci, abin da Hausa ba ta yi, sannan ga Ingilishi a makarantar boko da Larabci a makarantar allo. Hukuncin da aka yanke a kan maganar irin wannan yaro da jerin kalmomin Ingilishi kaɗai hukunci ne mai rauni, kuma zai iya kai shi ga tiyatar da ba ya buƙata ko ya hana shi wadda yake buƙata. Abin da ake buƙata shi ne jerin kalmomi da jimlolin gwaji na Hausar Zango, da mai fassara daga cikin al'umma wanda zai ce wannan furucin haka kowa ke yi a Aboabo, wancan kuwa ba haka ba.

Ƙarancin ma'aikata ya ƙara wa hasashe daraja. A shekarun baya masu horar da furuci a duk faɗin Gana ana iya ƙirga su da yatsu, kuma sai a 2016 Jami'ar Gana da ke Akara ta fara horar da su a cikin gida, don haka har yanzu ba su wadatar ba. Inda ma'aikaci ɗaya ke fuskantar ɗaruruwan yara, amfanin sanin alamomi shi ne a gane wanda za a fara gani: wanda aka ɗinke a makare, mai faffaɗar tsaga, mai ruwa a kunne, wanda gwarancinsa ba shi da b da d. Ba a yin hasashen don a yanke wa yaro ƙauna, kuma ba daidai ba ne a gaya wa iyayen ɗan shekara 7 cewa lokaci ya wuce, domin ɗinki yana hana abinci fita ta hanci a kowane shekaru, horo kuma yana kawo sauƙi ko ga babba, sai dai aikin ya fi tsawo. Haka nan hasashen ba na dindindin ba ne, tunda naman da ke bayan hanci wanda ke taimaka wa hanɗa wajen rufewa yakan ragu idan yaro ya doshi balaga, sai maganar hanci ta bayyana ga wanda a da ba shi da ita. Saboda wannan ne ake so a ci gaba da ziyara ko da komai ya yi kyau a shekara 5.

Wani bincike da aka yi a Nijeriya aka buga a 2007 ya nuna cewa iyaye Hausawa da Fulani sun fi danganta wannan tsaga da ƙaddarar Allah, ba da maita ko aljanu ba, kuma wannan aƙida tana kare jariri daga wulaƙanci da yarwa, abin da ya cancanci yabo. Illa kawai ita ce idan aka fahimci ƙaddara a matsayin dalilin zama, alhali malaman Zango sun fi kowa sanin cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Akwai kuma mutum guda da tsarin lafiya bai yi amfani da shi yadda ya kamata ba, wato wanzami, wanda a gidaje da yawa shi ne farkon mai leƙa bakin jariri a kwanakin suna. Beli mai rassa biyu yana iya zama alamar ɓoyayyiyar tsaga, wadda fata ta rufe ta amma tsokokin da ke ƙarƙashi a rabe suke, kuma cire shi, ban da hatsarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, yana shafe shaidar da likita zai gani. Wanzamin da ya ga haka, ko ya ga rami a rufin baki, ya ajiye aska ya tura iyaye asibiti, ya ceci maganar yaron.

Saboda haka kira ga limamai da sarakunan Zango da shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman makarantun allo shi ne su riƙa tambayar duk gidan da aka ɗinke wa yaro leɓe ko an koma domin rufin baki, ko an gwada kunnensa, ko kuma an saurari maganarsa da harshen da yake yi a gida. Iyayen da ɗansu ya kusa cika shekara guda ba a sa masa ranar ɗinkin rufin baki ba, su koma Komfo Anokye da katinsa a cikin wannan mako, su nemi a sa.